Ranar da Na Turara Ƙafafun Tarakta

Wata Litinin da la'asar na ji maigidana yana hawowa matakala yana tsayawa, wani abu mai nauyi yana bugun bango. Da na leƙa, sai na gan shi rungume da wata 'yar ƙafar mota, tayarta ta tsufa, ƙarfenta duk tsatsa. Ya wuce ni ya kai ta saman gida, ya sauko, ya sake hawowa da wata. Sau huɗu ya yi haka, biyu manya biyu ƙanana, bai yarda na kama masa ko ɗaya ba.

Na ce, "Abban yara, kayan bola muka fara tarawa?"

Ya zauna a bakin matakala yana haki. "Iƙamarmu ce na hawo da ita. Ba ni ruwa, ya shekha."

A nan Jidda aka haife ni, a unguwar Sa'alaba, a nan aka haifi mahaifiyata. Kakanninmu aikin hajji ya kawo su, suka zauna. Shi kuwa maigidana Bahaushen Sudan ne, ya zo yana saurayi, ya koyi fentin mota a wata warsha, wato garejin gyaran motoci, da ke Madinar Masana'antu, bai taɓa canza wurin aiki ba. Takardar zamana, iƙama ke nan, a ƙarƙashin tasa take. Idan aka ce masa ya tafi, ni ma tafiya ce ta kama ni, zuwa ƙasar da ban taɓa takawa ba, in bar Inna, mahaifiyata, wadda ke zaune tare da mu, ƙafafunta sun daina kai ta ko ƙofar gida.

Shekarar da ta gabata ciwo ya kwantar da shi wata biyu. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma ciwon ya bar masa rawa a hannun dama. Ba wata rawa ce mai yawa ba. Idan ya ɗauki kofin shayi, sai ka ga saman shayin yana motsi, shi ke nan. Amma mai fenti da hannunsa yake ci. Tun da ya koma aiki, ɗan kafilinsa, wato ɗan ubangidan da ya tsaya masa a kan iƙama, wanda warshar ke hannunsa yanzu, bai ƙara ba shi bindigar fenti ba. Sai goge-goge, sai liƙe gilashi da jarida. Ga lokacin sabunta iƙama ya ƙarato, ɗan ya fara cewa ba ya ajiye mai fentin da ba ya fenti.

Kafilin kansa, tsoho ne da ya daina zuwa warsha sai jefi-jefi, shi ya shiga tsakani. Yana da lambu a bayan gari, a lambun akwai wata 'yar ƙaramar tarakta da ta daɗe a yashe ƙarƙashin bishiya, yana so a tayar da ita ta koma kamar sabuwa. Ya sa aka kwance ƙafafunta huɗu, ya ce wa maigidana, "Ka fente ƙarafan, ka kawo ranar Asabar. In ɗana ya ga aiki mai tsabta, magana ta ƙare." An ce ya yi a warsha, ya ce a'a, gida zai kai. Bai gaya mini dalili ba, amma na sani. Ba ya son mutanen da ya koya wa riƙe bindiga su tsaya suna kallon hannunsa.

Ni mace ce mai yawan mafarki ido biyu, ban taɓa ɓoyewa ba. Na tashi da littattafan soyayya da alhazai ke kawo mana daga Kano, muna karɓa hannu da hannu har bangonsu ya fita. A cikinsu, idan masifa ta sami miji, matar takan yi wani babban abu, ta sayar da gwal ɗinta, ko ta tsaya gaban mai mulki ta yi magana har ya sunkuyar da kai. Da na ga ƙafafun nan a jere jikin tankin ruwa, sai zuciyata ta ce mini nawa babin ne ya zo. Ban san me zan yi ba, na dai ji a raina cewa zan yi wani abu.

Abin da aka fara ba ni shi ne bokiti da omo.

Kwana biyu muka yi muna kankare tsatsa. Shi yana bi da burushin ƙarfe da samfefa, ni ina wankewa ina gogewa da tsumma. Ƙarfen da taya ke zama a kansa, wanda a nan muke ce wa jant, yana da lunguna da ramukan noti, kowane lungu da tasa ƙasar lambun da ta bushe ta zama dutse. Ban taɓa zama kusa da shi yana aiki ba sai a ranakun nan. Shekara da shekaru abin da na sani na sana'arsa shi ne warin da ke jikin rigarsa da launin da ke maƙale a gefen farcensa. Ashe yana magana da ƙarfe. Yakan shafa da tafin hannu, ido a rufe, ya ce, "A'a, ke ba ki yi ba tukuna," ya sake ɗaukar samfefa.

Da aka zo rufe tayoyin don kada fenti ya taɓa su, ya ce yana son takarda mai ƙarfi da za a soka tsakanin roba da ƙarfe. A warsha da katin wasa suke yi, mu kuwa Inna ba ta yarda da karta a gidanta. Na shiga ɗaki na ɗauko gwangwanin biskit da nake tara katunan gayyatar biki a ciki, na shekaru masu yawa, masu ruwan gwal da masu furanni. Muka bi da'irar kowace ƙafa muna soka su ɗaya bayan ɗaya, har kowacce ta fito kamar an naɗa mata kambi.

Ya ɗaga wani kati yana karantawa. "Waɗannan ai sun rabu tun bara."

"To ka ga yau katinsu ya yi amfani."

Ya yi dariya, karo na farko tun Litinin.

Abin da na koya a makon nan, fenti a Jidda ba kowane lokaci ake fesa shi ba. Iskar teku tana ɗauke da laima, rutuba muke ce mata, da sassafe har bango gumi yake yi. Idan aka fesa a lokacin, fentin sai ya yi fari-fari, ya dushe. Maigidana yana da nasa ma'aunin. Yakan ɗora hannu a jikin tankin ruwa, ta ɓangaren inuwa. In ya ji damshi, sai a jira. Sai hantsi ya ɗaga sosai, ƙarfen tankin ya bushe ƙamas, sannan ya ce, "Yalla." Daga nan zuwa azahar ne kawai lokacinmu. Tsohon ya ba shi hutun makon don wannan aikin.

Ranar Laraba ya fesa fentin ƙasa, mai ruwan toka. Wannan bai dame shi ba, domin ana iya goge shi a daidaita. Ranar Alhamis aka zo kan na sama, mai launin madara, wanda shi ido zai gani. A gida ba mu da injin iska, da gwangwanin feshi yake yi. Ya girgiza shi har ƙwallon ciki ya daɗe yana ƙara, ya yi bisimilla, ya miƙa hannu ya ja daga hagu zuwa dama.

Ina tsaye bayansa na ga abin da ya faru. A tsakiyar jan, hannun ya ɗan tsaya, kamar mai tuntuɓe. Fenti ya taru a wurin, ya kumbura, ya fara gangarowa a hankali kamar hawaye. Ya goge da tsumma da tinna, ruwan narkar da fenti, ya sake. Ya riƙe wuyan hannun da na hagu, ya sake. Sau uku. A na ukun ya ajiye gwangwanin a hankali, ya tsaya yana kallon rufin gidajen maƙwabta, da tankunansu da igiyoyin shanyarsu. Na nemi kalma ɗaya cikin duk kalmomin da na haddace a littattafai, ban sami wadda zan iya faɗa wa mutum mai furfura a ƙarƙashin ranar Jidda ba.

Inna ce ta warware mana, a wurin cin abincin rana. Ita ba ta yi wa surukinta magana kai tsaye, ko yana zaune gabanta ta kaina take bi.

Ta ce, "Me ya sami Mu'allim yake juya cokali kamar mai neman allura?"

Na gaya mata a taƙaice.

"Ki ce masa, ni da ƙafa ta ƙi, ni nake zuwa wajen tuwo ko tuwo ke zuwa wajena? In hannu ba ya tafiya daidai, a ajiye shi wuri ɗaya mana, ƙarfen ya riƙa zuwa yana samunsa. Sai ka ce ba ku da kai, ku biyu duka."

Maigidana ya ajiye cokali. Ya ce, "Ki ce wa Inna Allah ya ƙara girma." Ya miƙe bai gama cin abincin ba.

Akwai wata tsohuwar fankar sama da ta ƙone, tana jibge a ɗakin da ke saman gida. Ya cire fukafukanta, ya kafa sandarta a cikin bulo, kan yana sama, ya ɗaura masa babban farantin da muke zuba shinkafar biki. Idan ka taɓa farantin da yatsa sai ya juya sumul, ba ƙara. Ya kawo kujera, ya jingina gwiwar hannunsa a kan makarinta, ya ce in zauna ƙasa in riƙa juyawa.

Washegari Juma'a, da tanki ya bushe, muka hau. Ya ɗaura mini ƙyalle a hanci. "Kada ki yi sauri, kada ki tsaya. Kamar kina tuƙa kunu a kan wuta kaɗan."

Ya ɗora ƙafar farko a kan farantin, na juya. Ya danna. Fentin ya sauka a kan ƙarfen kamar raɓa, siriri, ko'ina daidai. Muka jira ya sha iska, muka ƙara, muka sake ƙarawa. Ƙafa ta farko, ta biyu, har ta huɗu, babu hawaye ko ɗaya. Launin madarar nan ya kwanta yana sheƙi, ina ganin inuwar fuskata a ciki. Ban taɓa zaton ƙarfen tarakta zai iya sa ƙirjina ya cika ba. Na ɗaga kai na dube shi ta saman ƙyallen, shi ma ni yake kallo, gumi yana bin gemunsa. A raina na ce, ashe haka ake rubuta irin wannan shafin.

Muka ɗauke su a hankali muka jera a ɗakin saman, saboda ƙura da ƙudaje. Ya ja ƙofa. Ya ce, "Kada kowa ya taɓa. Sun bushe a ido, amma cikinsu ɗanye ne." Ya yi wanka, ya sa farar riga, ya tafi masallaci.

A gidajenmu, Juma'a ranar turaren wuta ce. Kuma ba abin da ke fita daga hannun mace zuwa gidan mutunci bai bi ta kan hayaƙi ba. Kayan amarya, zanen suna, sallayar da za a ba baƙo, har kwanon da maƙwabciya ta aiko da abinci, ba a mayar da shi haka nan. Turarena kuwa irin na dangin maigidana ne, itacen sandal da aka dafa da sukari da mayukan ƙamshi, hayaƙinsa mai nauyi, yana kama tufa ya yi mako.

Inna tana ta mita tun safe, wai warin fenti ya sauko har cikin hijabin sallarta. Na zuba garwashi a kasko, na zaga ɗakuna. Da na zo gindin matakala sai tunanin ya zo mini, cikakke, kamar an raɗa mini a kunne. Gobe za a kai waɗannan ƙafafun gaban mutanen da ke riƙe da zamanmu. Yaya za su isa suna warin tinna? Na hango tsohon yana sunkuyawa, ƙamshi ya doke shi, ya san cewa aikin nan daga gida mai mace ya fito. An ce kada a taɓa, ni kuwa ba taɓawa zan yi ba.

Na hau, na ajiye kaskon a tsakiyarsu, na ƙara turare babban cokali biyu, na ja ƙofa na toshe ƙasanta da tsumma kamar yadda nake yi wa kayan amarya. Na sauko ina jin daɗin kaina.

Bayan an sauko daga masallaci ya shigo da sallama, ya wuce sama kai tsaye, ina biye da shi ina murmushi. Ya ga tsumman a ƙasan ƙofa, ya tsaya. Ya tura. Hayaƙi ya fito ya lulluɓe mu.

Abu na farko da ya yi, ya kutsa ciki ya ɗauko kaskon da hannu ya fito da shi, ya koma ya kwaso gwangwanayen feshi da galan ɗin tinna da ke kusurwa. Sai a lokacin na tuna suna ciki. Inna tana ƙasa, ba ta iya gudu.

Da hayaƙin ya washe muka ga sauran. Launin madara ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, wani wuri ya fi wani duhu. Sheƙin ya tafi. Maiƙon turaren ya kwanta a kan ɗanyen fentin, toka ta bi ta manne ɗigo-ɗigo. Ya sa yatsa ya shafa gefe, yatsan ya fito da danƙo.

Na ce, "A goge mana. A sake. Ga sauran fenti."

"An yi azahar, iska ta juyo daga teku. In na fesa yanzu fari zai yi. In na ɗora a kan wannan kuma, tattarewa zai yi kamar fatar tsohuwa." Muryarsa ba ta tashi ba. Da ya yi mini tsawa da na fi samun sauƙi.

Na durƙusa a wurin na fashe da kuka. Na ce gobe ni zan bi shi warsha, in tsaya gaban tsohon da ɗansa in ce ni ce, aikinsa ya fito tas, ni na ɓata. In sun ga dama su zo su tambayi Inna.

Ya zauna a kan bulo, farar rigarsa ta Juma'a duk ta yi baƙi a hannu. Ya dube ni.

"Ya bintil halal, 'yar halak, tashi. Ba za ki je ko'ina ba. Ni ma ban ji huɗubar yau ba, ina can ina tunani. Da na kai su suna sheƙi, ɗan nan zai ce to madalla, ga mota, ga bindiga. Sai in ce masa me? A ɗora motar a faranti, a kira matata ta juya?"

Na share hawaye da gefen mayafina.

"Ƙarya na so in kai musu, mai kyau, mai launin madara. Ke kuma kin turara ta." Ya ɗan murmusa, amma idonsa ya yi ja. "Sai dai don Allah, wuta da tinna, kada ki ƙara. Wannan ba wasa ba ne."

Ranar Asabar da safe ya sauko da ƙafafun huɗu yadda suke. Sannan ya koma ya sauko da kan fankar da bulonsa da farantina. Na tsaya a taga har motar da ya tara ta sha kwana. Ranar ban iya karatu ba, ban iya girki ba. Na zauna kusa da Inna ina matsa mata ƙafa, ina kallon bangon ɗakin da aka haife ni a unguwarsa, ina tunanin abin da mutum zai ɗauka in aka ce ya zuba rayuwarsa a akwati biyu. Inna tana jan carbi, ba ta tsokane ni ba ko sau ɗaya, abin da ya ƙara tsorata ni.

Da la'asar ya dawo, hannu wofi. Ya gaishe da Inna ta bakina kamar kullum, ya zauna a tabarma. Inna ce ta ce, "Ki ce wa Mu'allim muna sauraro."

Ya ce da ya sauke su, ɗan ya duba ya kawar da kai. Tsohon kuwa ya sunkuya ya sunsuna, ya sake sunsunawa, ya ce, "Sandal ne wannan. A gaishe da mutanen gida." Maigidana ya gyara zama ya ci gaba.

"Sai na ce musu, hannuna yana rawa, ga shi ku gani. Na ɗaga shi gaban kowa. Na ce mota ta fi ƙarfina yanzu. Amma a ba ni bindiga da ƙafa ɗaya."

Suka wanke ɗaya da tinna har ƙarfe, ya kafa farantin a ɗakin feshi, ya jingina hannu a kan kujera. Da ya waiwaya neman mai juyawa, duk ma'aikatan suka tsaya kallon juna. Tsohon ne ya tattare rigarsa ya zauna a kan bokiti, ya ce a nuna masa yadda ake yi.

"Ya iya?" na tambaya.

"Ina fa. Sauri yake yi kamar ana korarsa. Sai da na daka masa tsawa, na manta kafilina ne."

Fentin ya kwanta. Ɗan ya zaga ƙafar sau biyu, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin farantin, ya ce a sa wa abin nan ƙaramin inji mai tafiya a hankali, ba sai an zaunar da mutum ba. Ya ce warsha tana mayar da masu kawo jant da ƙananan ƙarafa saboda ba mai lokacinsu. Daga yau wannan kusurwar ta maigidana ce. Za a sabunta iƙama, shekara ɗaya, sannan a ga abin da hali ya yi.

Inna ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Ni ma na yi, har hawaye ya zubo mini. Shekara ɗaya a wurinmu ba kaɗan ba ce, da ita muka saba auna zama.

Sai da Inna ta shiga sallah na lura shi bai yi murna irin tamu ba. Yana zaune ya ɗora hannun daman a kan gwiwa yana kallonsa.

Na ce, "Abban yara, ba mun tsira ba?"

"Mun tsira, alhamdu lillahi." Ya juya tafin hannun. "Akwai wata mota da aka shigo da ita yau, baƙa, doguwa. Baƙin fenti shi ne mai wuya, ba ya ɓoye komai. Da, in irinta ta zo, ba a tambayar wa za a ba. Yau na wuce ta gefenta da farantin shinkafa a kai."

Na matsa kusa da shi. Wannan karon ban nemi abin faɗa ba. Na ɗora hannuna a kan nasa, ina jin rawar tana ratsowa cikin tafina, ƙarama, ba ta tsayawa. Muka zauna haka har Inna ta sallame ta ɗaga murya daga ɗaki, tana tambaya ko yau a gidan nan hamdala za a ci da dare.